An yi mini sata a Napoli: muhawara kan 'yan ƙabilar Roma

Baban Sadiq, Napoli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jan kunne zan yi, musamman ga masu shirin shigowa Italiya. Shekaranjiya a tashar jirgin ƙasa wasu 'yan mata uku suka matse ni a bakin ƙofa, ɗaya da goyo. Kafin jirgi ya tashi sun dire, walat ɗina ya bi su, da Yuro 240 da takardar zamana a ciki. Kuɗin ba su dame ni kamar takardar ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san wahalar sake samunta. 'Yan Roma ne, waɗanda Italiyawa ke ce wa zingari. Shekarata tara a nan ban taɓa jin alherinsu a bakin kowa ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, cewa ta yi in gode Allah da abin ya tsaya kan kuɗi, don har yara suke sacewa. Ku kiyaye su.

Kawu Direba, Kano:
Allah ya mayar da alheri, ɗana. Amma ban gane ba. 'Yan Roma kamar yaya? Mutanen birnin Fafaroma kake nufi, ko na ƙasar Romaniya?

Malamin Tarihi, Zariya:
Ko ɗaya, Kawu, suna ne ya zo kusa da suna. A yarensu kalmar "rom" tana nufin namiji ko miji, daga nan sunan ya fito. Asalinsu arewacin Indiya ne. Sun baro can kimanin shekara dubu da ta wuce, suka ratso ta Farisa da Armeniya har suka shiga Turai. Yaren ne ya tona asalin: har gobe ruwa "pani" suke ce masa kamar yadda Indiyawa ke faɗa, uku kuma "trin". Turawan da suka fara ganinsu sun zaci daga Masar suka fito, shi ya sa sunan Jifsi da ake kiransu a Ingila da gitano na Sifen duk daga kalmar Masar ta harsunansu aka samo su. Ana ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai, su ne tsirarun ƙabila mafi yawa a nahiyar, kuma ba su da ƙasa tasu. Akwai Kirista a cikinsu, akwai Musulmi da yawa a Turkiyya da Bulgeriya da Kosobo da Masedoniya ta Arewa.
Baban Sadiq, Allah ya huci zuciyarka. Sata kam an yi maka. Maganar dattijuwar nan ce nake so mu tsaya a kanta.

Maman Walida, Kaduna:
Malam, ni ita ce ma ta tayar mini da hankali. Ƙanwata na Faransa da yara ƙanana biyu. Yanzu na tura mata saƙon.

Ɗan Damagaram, Faris:
Hajiya, don Allah ki bi saƙon da wani, kada ki bar shi haka. Ina nan lokacin da irin wannan saƙo ya yi aikinsa. A watan Maris na 2019 labari ya cika Facebook da Snapchat cewa 'yan Roma na yawo da farar mota suna ɗauke yara a unguwannin bayan Faris. Har cikin zaurenmu na 'yan Nijar aka turo shi, da hoton mota. Matasa suka fito da sanduna da wuƙaƙe a Bobigny da Clichy-sous-Bois suna farautarsu. Iyalai suka riƙa kwana zaune suna gadin bukkokinsu. 'Yan sanda suka fito suka ce ba yaro ko ɗaya da aka kai musu rahoton an sace, suka kama mutum wajen ashirin cikin masu farautar. Abin da ya fi ci mini rai, unguwannin nan namu ne, na baƙar fata da Larabawa, mutanen da suka san zafin a tare ka a hanya don launin fatarka.

Malamin Tarihi, Zariya:
Kuma ba shi ne na farko ba. A watan Oktoba na 2013 'yan sandan Girka suka shiga wani matsuguni a Farsala, suka ga yarinya fara mai farin gashi a hannun wasu ma'aurata 'yan Roma. Ba wanda ya kawo ƙarar ɓatan yaro, launinta kaɗai ya isa a ɗauke ta. Jaridun duniya suka ɗauka cewa an gano 'yar Turawa da aka sace. Da aka yi gwajin jini sai ga shi uwar da ta haife ta 'yar Roma ce daga Bulgeriya, talauci ya sa ta bar ta a hannun waɗancan. Kafin ƙurar ta lafa, a Ailan 'yan sanda sun ɗauke yara biyu daga gidajen 'yan Roma, ɗaya a Dublin ɗaya a Athlone, su ma don sun fi iyayensu haske. Gwaji ya nuna 'ya'yan cikinsu ne. A 2014 gwamnatin ƙasar ta nemi afuwa.
Yanzu mu juya tabarmar. Wa aka tabbatar ya ƙwace yaran wa? A 1773 sarauniya Maria Theresa ta daular Ostiriya ta ba da umarnin a raba yaran Roma da iyayensu a kai su gidajen manoma, ta kuma hana su auren juna. A Sifen, daren 30 ga Yuli 1749, aka yi musu kamun kazar kuku a faɗin ƙasa, mutum wajen dubu tara ko fiye, maza aka tura aikin tilas a ma'aikatun jiragen ruwan yaƙi, mata da ƙananan yara aka kulle su daban. Wannan duk a rubuce yake cikin takardun gwamnatocin da suka aikata.

Mai Shago, Milano:
Malam, da girmanka, kai kana Zariya kana karanta littafi, mu muna nan muna gani da ido. Gani ya kori ji. Ruwa ba ya tsami banza. A 2019 cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Pew ta yi tambaya, kashi 83 cikin ɗari na Italiyawa suka ce ba sa kallonsu da idon alheri. Duk waɗannan mahaukata ne? A shagona sau biyu ina kama yarinya da kaya a ƙarƙashin zane. Ku je tashar tsakiya ta Milano ku tsaya minti talatin. Kuma tunda ana maganar Napoli, a 2008 a unguwar Ponticelli an kama wata yarinyarsu 'yar shekara 16 bisa zargin yunƙurin ɗauke jaririya, kotu ta ɗaure ta. Wannan ma ƙarya ce? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Barista, Abuja:
Alhaji, karin maganar ɓera da daddawa da ka kawo ai ta fi goyon bayan Malam, amma bar wannan. Gaskiya ne kotu ta ɗaure yarinyar. To me ya faru tun kafin a kai ta gaban alƙali? Jama'a suka taru suka cinna wa matsugunan Ponticelli wuta, ɗaruruwan mutane suka gudu da jarirai a hannu. Mutum ɗaya ake zargi, unguwa guda aka ƙone. A Torino kuma, Disamba 2011, wata 'yar shekara 16 ta ce 'yan Roma biyu sun yi mata fyaɗe. Aka yi zanga-zanga, aka ƙone matsugunin Continassa. Daga baya ta ce ƙarya ta yi don tsoron iyayenta. Wutar ba ta jira bincike ba.
Game da kashi 83 ɗin nan, adadin yana gaya mana abin da ke zuciyar waɗanda aka tambaya ne. Bai auna laifin kowa ba.

Mai Shago, Milano:
Ban ce a ƙone kowa ba. Cewa na yi halinsu ne.

Barista, Abuja:
Halin su wa? 'Yan Roma a Italiya ba su kai dubu 200 ba, kusan rabinsu 'yan ƙasa ne da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin, kuma mafi yawansu a gidaje suke zaune irin naka, ba a bukkoki ba. Wanda ke da aiki da gida ba ya faɗin ƙabilarsa, don ya san me zai biyo baya. Saboda haka waɗanda kake iya ganewa su ne na bakin tasha. Sauran suna shigowa shagonka su biya kuɗi su fita, ba ka saka su a lissafi.

Ɗalibin Budapest:
Salam iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a nan, amma bari in faɗi abin da na tarar a Hungari, don ya nuna inda kalmar "halinsu ne" ke kaiwa idan ta faɗa bakin ɗan siyasa. Jam'iyyar Jobbik ta yi tashe da kalma ɗaya da ke nufin "laifin Jifsi", wato kamar laifi yana da ƙabila. A 2007 aka kafa wata rundunar sa-kai mai kaki da ke da alaƙa da ita, suna maci a ƙauyukan da 'yan Roma ke zaune, har kotu ta rushe ta a 2009. A tsakanin 2008 da 2009 wasu mutane suka riƙa bin gidajen ƙarshen ƙauye da dare, su jefa kwalbar fetur, in mutane sun fito su harbe su. Mutum shida suka kashe. A Tatárszentgyörgy uba ne da ƙaramin ɗansa, suna gudu daga gidan da ke ci da wuta. Da farko ma hukuma cewa ta yi gobara ce. A 2013 aka yanke wa uku ɗaurin rai da rai.
Ƙasa da shekara guda bayan kashe-kashen, a zaɓen 2010, Jobbik ta shiga majalisa da kusan kashi 17 na ƙuri'u.

Ɗan Damagaram, Faris:
Kuma kada a ɗauka ƙananan jam'iyyu ne kaɗai. A nan shugaban ƙasa ne da kansa. Yuli 2010, bayan wata tarzoma, Sarkozy ya yi jawabi a Grenoble ya ce za a rushe matsugunai. Sai wata takardar ma'aikatar cikin gida ta 5 ga Agusta ta fito fili, a ciki an rubuta ƙarara a fara da na 'yan Roma. Aka riƙa ba babba Yuro 300, yaro 100, a sa su a jirgi zuwa Romaniya da Bulgeriya, alhali ƙasashen biyu sun shiga Tarayyar Turai tun 2007, mutanen na da 'yancin zirga-zirga. Kwamishinar shari'a ta Tarayyar, Viviane Reding, ta yi tir da abin a bainar jama'a. Gwamnati ta sauya, aka ce masu sassauci sun hau, sai ga ministan cikin gida Manuel Valls a 2013 yana cewa mafi yawansu komawa ya kamata su yi. Duka mutanen da ake wannan hayaniya a kansu, masu zama a bukkoki, ba su wuce dubu ashirin ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 60.
Wani abu da ba a cika faɗa ba: har farkon 2014 Faransa ta taƙaita wa 'yan Romaniya da Bulgeriya izinin aiki. An bar ka ka shigo, an ɗaure maka hannu kan aiki, sannan a nuna ka a talabijin kana bara.

Barista, Abuja:
Italiya ma haka. A 2008 gwamnatin Berlusconi ta ayyana dokar ta-ɓaci kan "makiyaya", ministan cikin gida Maroni ya kawo batun ɗaukar hoton yatsun mazauna matsugunai har da yara. A 2011 babbar kotun harkokin mulki ta ce dokar ba ta bisa ƙa'ida. A 2018 ministan cikin gida Salvini ya dawo da maganar ƙidayar 'yan Roma, har yana nuna takaicin cewa waɗanda ke da takardar ɗan ƙasa ba yadda za a yi da su. Ku lura da sunan ma, makiyaya, mutanen da mafi yawansu sun daɗe da zama wuri ɗaya.

Malamin Tarihi, Zariya:
Kalmar ƙidaya tana da nauyi a kunnensu, kuma da dalili. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna tara sunayensu tun kafin Hitler, da 'yan Nazi suka zo sai suka tarar da aiki a kammale. A Disamba 1942 Himmler, shugaban 'yan sandan Hitler, ya ba da umarnin kai su sansanin kisa na Auschwitz. An kai mutum kimanin 23,000. A daren 2 ga Agusta 1944 aka kashe waɗanda suka rage a sashensu, wajen 4,300, yawanci mata da yara da tsofaffi, a ɗakunan iskar guba. A Romaniya gwamnatin Antonescu ta kwashe kimanin 25,000 zuwa Transnistriya, yankin da ta mamaye a lokacin yaƙi, a 1942, yunwa da cuta suka ci kusan rabi. Ƙiyasin waɗanda aka kashe a faɗin Turai yana tsakanin 220,000 da 500,000.
Abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a wuya. A 1956 babbar kotun Jamus ta Yamma ta yanke cewa abin da aka yi musu kafin 1943 ba ƙabilanci ba ne, matakin hana laifi ne, aka hana mutane da yawa diyya da wannan hujja. Ka ga "halinsu ne" ya shiga bakin alƙali. Sai da wasu daga cikinsu, har da ɗan gwagwarmayarsu Romani Rose, suka yi yajin cin abinci a tsohon sansanin Dachau a 1980, sannan a 1982 shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Schmidt ya amince kisan ƙare dangi ne. Wurin tunawa da su a Balin sai 2012 aka buɗe. A Lety ta ƙasar Cek, inda aka tsare su yara da yawa suka mutu, gonar aladu aka gina a wurin, ta yi shekaru wajen arba'in, sai 2022 aka fara rushe ta.

Kawu Direba, Kano:
Inna lillahi. Gonar aladu a kan inda yara suka mutu?

Malamin Tarihi, Zariya:
Haka, Kawu. Kuma kafin wannan duka akwai bauta. A yankunan Walakiya da Moldabiya, cikin Romaniya ta yau, 'yan Roma bayi ne na sarakuna da masu ƙasa da gidajen ibadar Kirista. Takardar farko da ta ambace su ta 1385 ce, kyautar iyalai arba'in ga wani gidan ibada. Ba a gama 'yanta su ba sai 1855 da 1856, kuma aka sake su ba gona ba fili. Mu da muka san yadda tabon bauta ke bin zuri'a, bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba.

Mai Shago, Milano:
To na ji. Amma yau fa? Wa ya hana su sa yara a makaranta? Wa ya ce su aurar da 'yar shekara 14? Wa ya ce a ɗauki jariri cikin sanyi a zauna bakin coci ana bara? Mu ma da jaka ɗaya muka zo, mun sha wulaƙanci, amma mun tashi.

Antin Sheffield:
Alhaji, bari in amsa maka a matsayin wadda ke aikin jinya a unguwar da 'yan Roma daga Silobakiya suka cika. Ba zan ce maka babu matsala ba. Akwai auren wuri a wasu iyalai. Akwai gungun miyagu da ke tura yara sata da bara su karɓe kuɗin, an kama wasu an ɗaure. Amma ka tambayi kanka, 'yar shekara 13 da aka tura tasha ta yanki aljihu, wa aka fara cuta? Ita ce. Kuma masu faɗa da wannan a cikin gida matan Roma ne da kansu.
Da na fara aiki na yi ta jin haushin yadda matan ke gudun awo, ga su ba sa yarda su sa hannu a takarda sai an kira dangi. Wata abokiyar aiki ce ta buɗe mini ido. A tsohuwar Cekosilobakiya, tun shekarun 1970, an riƙa ɗaure wa matan Roma mahaifa ba da saninsu ba. Mace na kan gwiwa, ko ana shirin yi mata tiyata, sai a miƙo takarda a ce sa hannu. Sai daga baya ta gane ta gama haihuwa. Abin bai tsaya da faɗuwar kwaminisanci ba. A 2021 ƙasar Cek ta yi dokar biyan kowace mace kuɗin ƙasar 300,000, dokar ta haɗa har abin da ya faru zuwa 2012. A 2021 ɗin ne kuma gwamnatin Silobakiya ta nemi afuwa. Matan da nake gani 'ya'ya ne da jikokin waɗancan. Tun ranar ban sake ɗaga wa wata murya kan takarda ba, zama nake in karanta mata layi-layi da tafinta.

Maman Walida, Kaduna:
Anti, jikina ya yi sanyi. Mace tana naƙuda a yi mata haka. Allah ya isa.

Barista, Abuja:
Tambayar makaranta kuwa kotu ta amsa ta. A 2007 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci kan ƙarar yara 18 daga birnin Ostrava na ƙasar Cek. An nuna wa kotu cewa a birnin yaron Roma ya ninka sauran yara sau 27 wajen yiwuwar a tura shi makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa. Yara ne lafiyayyu, jarrabawa ce ake yi musu da yaren da ba shi suke yi a gida ba. Wanda ya fito daga irin wannan makaranta hanyar gaba ta toshe masa. Kotu ta ce wariya ce. An sake irin hukuncin kan Kuroshiya a 2010 da Hungari a 2013. Iyayen sun kai yara makaranta, Alhaji. Makarantar ce ta ajiye su a gefe.

Ɗalibin Budapest:
Ƙari kan na Barista. A ƙauyen Gyöngyöspata an yi shekaru ana koyar da yaran Roma a azuzuwa daban a makaranta ɗaya. Kotu ta ce a biya yara wajen sittin diyyar kusan miliyan 100 na forint, kuɗin Hungari. A Janairu 2020 firaminista Orbán ya fito ya ce ba adalci ba ne a ba mutane kuɗin da ba su yi wa aiki ba. Kotun ƙoli dai ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu. Sai kuma katanga: a Ústí nad Labem ta Cek a 1999, a Ostrovany ta Silobakiya, a Baia Mare ta Romaniya a 2011, hukumomin gari suka gina bango tsakanin unguwar Roma da sauran jama'a. A Cluj ta Romaniya, cikin hunturun 2010, aka kwashe iyalai daga tsakiyar gari aka kai su gefen bolar birni. In ka gina wa mutum bango, ka ajiye shi kan juji, da wane baki za ka ce ya ƙi cuɗanya da mutane?
Hukumar Tarayyar Turai mai kula da haƙƙoƙi ta gano kashi 80 na 'yan Roma da ta bincika suna cikin haɗarin talauci. A bincikenta na 2016, ɗaya cikin uku ba shi da ruwan famfo a gida. A Turai fa.

Mai Shago, Milano:
Na makaranta ban sani ba, na karɓa. Amma yarinyar da na kama a shagona ba Orbán ya turo ta ba. Talauci ba hujjar sata ba ne, in ba haka ba da rabin duniya ɓarayi ne.

Antin Sheffield:
Ba wanda ya ce hujja ce. Ka kama ta, ka kira hukuma, daidai ne. Abin da muke ja da kai shi ne ka ɗora laifinta kan mutum miliyan goma.

Ɗan Ruga, Gusau:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni Bafulatani ne, ban taɓa zuwa Turai ba, amma duk kalmomin nan na san su. "Halinsu ne." "Ba sa son zama wuri ɗaya." "Ku kiyaye su." Akwai 'yan bindiga a cikin Fulani, ban musa ba, mu suka fara kora wa shanu. Amma in na shiga mota sai in ga an ja jaka an matsa. Kuma ba mu kaɗai ba. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar zuwa gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Ranar duk zauren nan kuka muka yi, muna cewa an yi mana kuɗin goro. Alhaji Mai Shago, kai ma ka yi rubutu ranar, ina tunawa.

Mai Shago, Milano:
Na yi. Amma ba ɗaya ba ne.

Ɗan Ruga, Gusau:
Tarihin ba ɗaya ba ne, na yarda, nasu ya fi tsawo. Zafin a kalle ka a yanke maka hukunci kafin ka buɗe baki dai iri ɗaya ne.

Ustaz, Sakkwato:
Abu biyu kawai zan tunatar. Allah ya ce wata rai ba ta ɗaukar nauyin laifin wata, ya maimaita shi a wurare da dama cikin Alƙur'ani. Kuma a Suratul Hujurat ya umarce mu da mu tantance labari kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. "Wasu mutane" ya ce, bai ware ƙabila ba. Baban Sadiq an zalunce shi, yana da haƙƙi kan waɗanda suka ɗauki walat ɗinsa. Zancen satar yara kuwa ji ya yi, bai gani ba, ga shi har ya kai Faransa.

Maman Walida, Kaduna:
Malam, ni ce na kai shi. Na goge, na kuma tura wa ƙanwata bayanin Ɗan Damagaram.

Kawu Direba, Kano:
Tambaya ɗaya. Su ba su da manya ne da ke yi musu magana? Na ji ana kiran ɗan damben nan Tyson Fury da Sarkin Jifsi.

Malamin Tarihi, Zariya:
Shi daga wata al'umma ce daban ta matafiyan Ailan, ba daga Indiya suke ba, duk da su ma suna shan irin wannan kallo. Amma suna da masu magana. A 1971 wakilansu suka yi babban taron farko kusa da Landan, suka zaɓi sunan Roma da tuta, shuɗi a sama kore a ƙasa da jar ƙafar keke a tsakiya, shi ya sa 8 ga Afrilu take ranarsu ta duniya. Lívia Járóka ta Hungari ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban Majalisar Turai. A Masedoniya ta Arewa akwai ƙaramar hukumar Šuto Orizari inda yarensu yake cikin harsunan hukuma. Masu kallon ƙwallo sun san Ricardo Quaresma na Fotugal, shi ma jinin Roma ne. A 2020, lokacin korona, da André Ventura na jam'iyyar Chega ya nemi a yi wa 'yan Roma kullen gida na musamman, Quaresma ne ya fito ya mayar masa da martani. Shekara huɗu kafin nan yana cikin waɗanda suka ɗauko wa ƙasar kofin Turai.

Baban Sadiq, Napoli:
Na dawo daga aiki na tarar da wannan duka. Gaskiya zuciyata ba ta huce kan yaran nan uku ba, ba zan yi muku ƙarya ba. In na gan su gobe zan nuna wa ɗan sanda. Amma zancen satar yara na janye shi, ban gani ba, ba kuma zan sake faɗa ba. Ustaz, na gode. Ponticelli ba ta da nisa da inda nake aiki, shekara tara ban san an taɓa ƙone mutane daga gidajensu a wurin ba.
Alhaji Mai Shago, kai ka fi ni daɗewa. Takardar zaman nan ta ina zan fara?

Mai Shago, Milano:
Ka fara zuwa wajen 'yan sanda ka shigar da rahoton sata, su ba ka takarda, ka yi mata kwafi biyu. Da ita da fasfo za ka je gidan waya ka karɓi ambulan ɗin neman sabuwa, ka cike ka mayar. Rasit ɗin da za su ba ka kada ka rabu da shi, shi ne shaidarka har ranar da za a kira ka ɗaukar hoton yatsu. In kana da hoton tsohuwar a waya ka buga shi ka haɗa. Kira ni bayan isha'i mu cike tare.